Baƙon da Ya Zauna Bayan Biki

A ƙauyenmu, can kusa da Illo, gidajen Kirista biyar ne kacal. Sauran duk Sarkawa ne, masunta, Musulmi, waɗanda kakanninsu suka san kogin Kwara tun kafin a ja layin da ya raba mu da ƙasar Benin. Kakata Saratu ba ta taɓa kiran can Benin ba. Dahome take cewa har ta rasu. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, ni da wana Yohanna da 'ya'yan ƙanen babanmu biyu, domin iyayenmu kullum suna fadama wajen shinkafa, in sun dawo kuwa ba mai sauran ƙarfin magana.

Ranar Kirsimeti da sassafe, kafin a tafi sujada, babana da kansa yake zuwa ya kira Malam Audu maƙwabcinmu ya zo da wuƙarsa ya yanka mana akuya. Babana ya iya yanka sarai, amma ba ya taɓa akuyar biki. In shi ya yanka, maƙwabta za su karɓi abincin su yi godiya, sannan su rasa yadda za su yi da naman. In Malam Audu ya yanka, kowa zai ci hankali kwance. Haka muka tarar ana yi, ba wanda ya zaunar da mu ya bayyana mana.

Kaka tana da kwanukan langa guda tara, masu murfi da zanen jan fure, waɗanda ba sa saukowa daga saman randa sai ranar. Da an sauko daga majami'a za ta cika su da shinkafa da miya, mu ɗauka a ka mu bi gida-gida. A wajenmu kuma ba a mayar da kwano haka nan. Wanda aka kai wa abinci zai wanke kwanon ya sa wani abu a ciki kafin ya koma. Wani ya sa bandar kifi, wani gyaɗa, wata ƙullin kuka, wata ƙwai biyu. In Sallah ta zo, su ma nasu kwanukan su shigo gidanmu, mu ma mu sa abin da ya samu.

Ranar bikin kanta ba a tatsuniya, kowa ya ƙoshi ya gaji. Washegari ce ranar Kaka. Ita ce ranar da tukwane suke jibge a bayan ɗaki da maiƙo a jikinsu, sabbin kayanmu sun riga sun yi dauɗa, naman da ya rage sai ƙashi da fata. Da an ci tuwon yamma za ta ja kututturen itace zuwa tsakar gida saboda sanyi, ta hura wuta, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura don tsayuwar kwana biyu. Ni ce mai matsa mata su. Tana warin hayaƙi da man gyaɗa, muryarta ta dushe, amma ba ta taɓa fasawa ba.

"Ga wata ta taho daga bakin ruwa, ƙafarta da laka," haka take buɗe tatsuniyarta.

Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai wuri."

"Ba dai ta tsohon nan ba, Kaka," Yohanna zai ce. "Bara ma ita kika yi."

"Bara ka ji ta da kunnen bara. Angona, in ba ka so, ga tukwane can suna jiran mai ƙarfi."

Sai ya matso kusa da wuta.

Ta ce wai akwai wani gari a bakin ruwa inda Biki mutum ne kamar kowa. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, a cikin jirgi daga hayi, sanye da babbar riga mai aiki, makaɗa na gabansa. Ranar da ya sauka, masu gaba da juna suna gaisawa, marowaci yana buɗe rumbu, ba gidan da ake kwana da yunwa. Washegari da asuba sai ya shiga jirginsa, garin kuma ya koma yadda yake.

Wata shekara wata mata mai daddawa, sunanta Kande, ta bi shi har bakin ruwa ta kama gefen rigarsa. A nan Kaka takan canza murya ta yi ta mace mai haushi.

"Kai baƙo, mi za ya hana ka zauna? Kwana guda muna mutane, sauran shekara muna cizon juna."

Biki ya dube ta ya ce, "Kin ga rigar ga? Ta aro ce, makaɗa za su tahi da abinsu. In na zauna ba riga, ba kiɗi. Kuma ni kullum sai na ci abinci."

"Na ji. Zauna."

Jirgi ya tafi da makaɗa da riga. Da gari ya waye sosai Kande ta leƙa ƙofarta, sai ga wani tsoho zaune, mai tari, ƙafarsa duk faso, yana tambaya ko koko ya nuna.

Da fari ta yi murna. Ta share masa zaure, ta yi masa shimfiɗa, ta sauko da kwanonta mafi kyau. Kullum ta zuba tuwo ta rufe, ta kai ta durƙusa ta ajiye, ta koma ciki. Mutanen gari suka zo ganin Biki, suka tarar da tsoho yana kakin majina, suka yi dariya suka watse. Sati ɗaya yana cinyewa. Sati na biyu yana ragewa. Da wata ya cika, yadda ta kai kwanon haka take ɗauko shi, tsoho kuwa sai ramewa yake yi. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta tsaya a kansa.

"Na ba ka kwanon da ko maigidana bai taɓa ci a ciki ba. Mi kuma kake so?"

"Ke kika ce in zauna," in ji shi, "amma kullum sallamata kike yi. Kwanon ga na baƙo ne. Duk lokacin da kika aje shi gabana kina gaya mani ba nan ne gidana ba, ni kuma ba ni da abin da zan saka miki ciki. Maƙogwarona ya ƙi."

"To mi ake ba ɗan gida?"

"Ke mi kike ba naki?"

Kande ta yi tunani. Ta shiga ciki ta jawo ƙwaryar kalwa da ba a wanke ba, ta dangwarar a gabansa ba durƙuso, ta ce kafin azahar take so. Tsoho ya wanke kalwa yana gunaguni. Da rana ta yi ya shigo tsakar gida ya sa hannu a akushin da kowa yake ci, ya cinye nasa har ya taɓa na yara.

Nan Kaka takan tsaya ta gyara itacen wuta. Shekarar da na fara wayo na tambaye ta, "Sai me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Shina nan."

"Bai ba ta zinariya ba?"

"Wace zinariya? Tsoho ne mai tari."

"Garin fa, ya gyaru?"

"Gidan Kande dai ba a kwana da yunwa, da gidan da ke jikin nata. Sauran sai shekara ta zagayo."

"Ba ta gaji ba?"

Ta dube ni, ta janye ƙafarta ɗaya ta miƙo mini ɗayar. "Ta gaji mana, ƙawata. Kullum a gajiye take. Sau biyu tana kai shi bakin ruwa don ta sa shi jirgi, sau biyu suna dawowa tare, don shi ke riƙe mata kwando. To, tatsuniya ta koma ruwa ta bar mu da hayaƙi. Ku tashi."

Ba ma son wannan tatsuniya. Yohanna yakan ce ba tatsuniya ba ce tunda babu kura, babu aljani, ba wanda aka cinye. Ni kuma abin da yake damuna shi ne Kande ba ta samu komai ba. Na yi ta jira wata shekara Kaka ta ƙara mata ƙarshe mai daɗi, har ta rasu ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Aure ya kawo ni Bagudo. Maigidana Bitrus yana gyaran injinan ban ruwa, ni kuma ina sana'ar shinkafa: in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji, in sheƙe. Aiki ne mai cin baya. 'Ya'yanmu huɗu, Ishaya ne babba. A nan na shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, na koyi abin da nake rubuta wannan da shi. Jikin katangarmu akwai gidan Malam Isa, wani tsohon masunci, shi yake yanka mana akuyar Kirsimeti kamar yadda Malam Audu yake yi a ƙauye. Da ya rasu ya bar matarsa, Inna Hajo. Ɗansu ɗaya ya bi kifi ya haye Benin, tun ana jin labarinsa jefi-jefi har aka daina. Idonta kuma yana ta rufewa, tana ganin haske da inuwa, ba ta gane fuska.

Kirsimetin shekara uku da suka wuce, ni na kai mata kwano da hannuna. Na shiga da sallama na tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki tana jan carbi. Idona ya faɗa kan murhunta. Tokar ta yi sanyi har kaza ta yi wanka a ciki ta bar gurbi. Muka gaisa, ta sa albarka, ta ce a yi biki lafiya. Ban kai zaure ba na ji ƙarar murfin kwano, da saurin da mai ƙoshi ba ya yi.

A ranar mai wa'azi ya ce kada mu naɗe Kirsimeti mu sa a akwati tare da kayan biki. Kowace shekara ana faɗin irin wannan, muna cewa amin. Amma wannan karon gurbin kazar nan ya tsaya mini a rai. Na ce wa Bitrus zan riƙa kai mata abinci kullum. Ya ce, "Kin dai san kullum ba ta da ƙarshe, Rahila." Na ce na sani. Ban sani ba.

Na zaɓi kwanona mai kyau, mai murfi da jan fure, don kada ta ga kamar raini ne. Kuskurena na farko ke nan. Da rana in zuba in kai, da yamma ta lallaɓo da sandarta ta miƙo shi ta ƙofa. Ranar farko na buɗe na ga bandar tarwaɗa biyu. Washegari gyaɗa cikin tafin hannu. Sai ƙullin kuka. Sai rabin sabulu. Sai allura da zare a soke jikin tsumma. Ina buɗewa ina murmushi, ina cewa tsohuwar nan akwai zumunci. Ni da na tashi ina ɗaukar kwanukan Kaka a ka, ban tsaya na tambayi kaina daga ina waɗannan abubuwa suke fitowa a gidan da ba a hura wuta ba.

Rana ta tara na buɗe na ga kallabi a ninke, wanda na sha gani a kanta ranar Juma'a. Nan na yi kuskure na biyu. Na ɗauka na bi ta da shi har gida.

"Inna, wannan ai naki ne na fita. Ba sai kin sa komai ba."

Ta karɓa. Ta shafa shi, ta tura ƙarƙashin cinyarta.

Washegari na kai abinci, ta karɓa. Kwano bai dawo ba. Na jira kwana biyu na je da wani kwanon, na tarar ta sakaya ƙofa. Na yi sallama, ta amsa daga ciki ta ce tana kwance. Na sake komawa, ta ce salla za ta yi. Na uku ba ta amsa ba, alhali ina jin tarinta.

Bitrus ya ce, "Wataƙila wani ya yi mata magana. Abincin biki daban, na kullum daban. Kada ki sa ta cikin bakin mutane."

Na yarda da shi, don abin da ya fi sauƙin yarda ke nan. Raina ya ɓaci, na ce shekara nawa muna zaune lafiya, yau ni ce abin gudu. Amma zan faɗi gaskiya tunda takarda ce. A ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani ɗan sauƙi da na ji. Sati biyu ban cika ba na riga na gaji da tuna rabonta kafin in kwashe tuwo. Na ce na yi nawa, ita ta ƙi. Na daina zuwa.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ranar na kai shinkafa inji da la'asar, layi ya yi tsawo, na zagaya baya in nemi inuwa. A can ake zubar da ɓuntu, ya taru ya yi tudu, awaki suna hawa. Sai na ga mutum a durƙushe a gindin tudun. Inna Hajo ce. Tana ɗibar ɓuntu a tafin hannu tana hurawa, tana lalubar ɗan tsakin shinkafar da ya tsere wa inji, ƙwaya-ƙwaya, tana jefawa a wani abu da ta rufe da gefen zaninta. Ta rame har wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Na matsa na ga jan furen kwanona.

"Inna."

Ta daskare. Ta gane muryata. Ta jawo zanin ta ƙara rufewa, sannan ta ga ba amfani ta sake shi.

"Uwar Ishaya, ke ce? Na kusa cika shi. Gobe in Allah ya so kwanonki za ya koma."

Na leƙa. Bai kai rabi ba.

"Wannan kike ci, Inna?"

"Wanga naki ne. Ba ni taɓa shi."

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai kama hannunta na raka ta gida, na koma na ɗauki shinkafata. Ina tafe da buhu a ka, muryar Kaka ta zo mini, dusasshiya kamar ta washegarin biki, tana yin maganar tsohon nan mai tari da ya ce maƙogwaronsa ya ƙi. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da tatsuniyar, ina ganin labarin haƙurin Kande ne. Ban taɓa zama a wurin tsohon na ji yadda kwano mai murfi yake da nauyi in ba ka da abin mayarwa ba.

Da safe ban ɗauki kwano ba. Na je hannu sake na yi sallama.

"Inna, taimako na zo nema. Wake ne da ni tiya uku, duk tsakuwa, ga shinkafa a wuta. Ba mai tsince mini."

"Makauniya kika zo ba tsinta?"

"Ai da hannu ake yi. Nawa idon biyu ne, jiya Baban Ishaya ya kusa fasa haƙori."

"Ke dai matar cocin ga, ba ki iya komi ba sai waƙa. Ina sandata?"

Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakin girki, na ajiye mata faifai. Yatsunta suka shiga cikin waken kamar suna da ido. Da rana ta yi ban kai mata komai ba. Na kwashe tuwo a babban tire na ajiye a tsakiya na ce, "Masu aiki a wanke hannu." 'Ya'yana mata suka matso, ni ma na zauna. Ta ɗan jima, sannan ta laluba ta sa hannu. Miyar kifi ce. Ta ci, ta sha ruwa, ta ce daddawar ba ta nuna ba.

Daga ranar take zuwa. Akwai butarta a gefen randa, da wurin da take shimfiɗa ɗankwali ta yi salla, yara sun san ba a gitta nan. In za mu ci kaza, ko ranar Talata ce, sai Bitrus ya kai wa mahaucin bakin hanya ya yanka. Abin da muke yi sau ɗaya a shekara ya zama na kowane lokaci, har mun daina lura.

Ba zan ce da daɗi ba. Tana zuwa tun ban gama shara ba. Ta ce 'yata Hannatu tana dariya da ƙarfi kamar namiji, ta ce ina ɓarnar itace, ta ce a zamaninsu mace ba ta barin tsintsiya a kwance. Labarin ɗanta na Benin na ji shi ya fi sau ɗari, kullum da sabon dalilin da ya hana shi zuwa. A zumuntar mata an yabe ni sau ɗaya, aka tafa, aka wuce zuwa maganar anko. Akwai damina da ruwa ya ci gonaki, hatsi ya yi wuya, na riƙa auna tuwo da ido ina jin haushin kowace loma, tata da tawa. Akwai safiyar da na ji ƙarar sandarta a zaure na zagaya bayan ɗaki na tsaya, ba abin da nake yi, ina dai son minti biyar da ba mai kiran sunana. Sannan na fito na ce, "Ina kwana, Inna."

Yanzu na gane abin da ya sa Kaka ba ta yin wannan tatsuniya ranar biki, sai washegari, da kumburarrun ƙafafu. Ranar biki kowa mai kirki ne, akwai kiɗa, akwai masu gani, kuma an san da yamma za a gama. Ita tana magana ne a kan ranar da ba kowa, sai tukwane. Na kuma gane dalilin da ya sa ta hana Kande zinariya. Da ta ba ta, da na yi shekara uku ina leƙen hanya.

Wahalar da ban hango ba ita ce aiki yana ƙarewa. Gyaɗa tana da lokacinta, wake ba kullum ake saye ba, kuɓewa in an yanka an shanya shi ke nan. Ranar da na fara cewa, "Yau babu komai, Inna, ki zauna ki huta," sai ta miƙe kafin a kwashe tuwo ta ce ta tuna ta bar wani abu a gida. Ba ta dawo ba sai washegari. Na ga inda muka nufa. Sai na samo gwangwanin madara, na riƙa tara tsakuwar da ta fitar. Duk ranar da babu aiki, kafin ta iso, in juye gwangwanin cikin waken da ta riga ta tsince, in gauraya, in ajiye mata. Mace da 'ya'ya huɗu da ciwon baya, tana tashi da wuri don ta zuba dutse cikin abincinta. Ko Bitrus ban gaya wa ba.

Watan jiya ne, wata ranar Laraba, ina tsugune ina iza wuta, na ji faifai ya yi shiru. Na waiga. Tana riƙe da tsakuwa ɗaya tsakanin yatsu biyu tana jujjuya ta.

"Uwar Ishaya."

"Na'am, Inna."

"Dutsen ga yana da 'yar tsaga a gefe. Sau huɗu ke nan muna gamuwa da shi cikin watan ga."

Muciya tana hannuna, na kasa ajiyewa. Abin da na gani a raina shi ne ƙofarta a sakaye, da tudun ɓuntu. Na fara haɗa ƙarya, na ce wataƙila mai waken ne.

"Mai waken yana da gwangwanin madara a bayan randa?"

Ta laluba gefenta, na ɗauka sandarta take nema. Butarta ta gyara, don ta kusa faɗuwa.

"Tun bara na sani," in ji ta. "Na yi shiru don kar ki ji kunya. Na ga kin sha wahala kin ƙago abinki, na ce bari in riƙa tsince miki."

"Inna, ban yi don..."

"Na san don mi kika yi. Amma bayana na ciwo, naki ma ina jin yadda kike nishi in za ki tashi. Ki zubar da duwatsun ga. Ranar da akwai aiki in yi. Ranar da babu, in zo in zauna haka nan in dame ki. Ko korata za ki yi?"

"A'a, Inna."

"To."

Ta ture faifan gefe, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta cikin rana. Tunda na san ta ban taɓa ganin ta zauna a gidana hannu sake ba. Na tsaya ina kallonta, gajiyata tana nan inda take, ba ta ragu da komai ba, gobe ma da sassafe zan ji sanda a zaure. Amma na san ba za ta ƙara tashi kafin a kwashe tuwo ba.

"Kina tsaye kina kallon mutane," ta ce, idonta a rufe. "Tukunyarki na kamawa."

Ta kama ɗin kuwa. Na kankare na zuba a tire, muka ci da ƙanzon.